Shagon famfunan ruwa a Tahoua

Abin da ya sa nake yaba wa wani shagon famfuna da ke kusa da babbar kasuwar Tahoua shi ne, mai shi ba ya faɗin farashi sai ya tambayi zurfin rijiya, tsawon shato, wato tankin ruwa na sama, da yawan ruwan da ake buƙata kullum. Ya bayyana mini cewa famfon da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 8, don haka ya ba ni mai nutsewa, mai aiki da hasken rana, wanda ke tsayawa da kansa idan ruwa ya janye. Kayansa da tsada, kuma kayan gyara sai an jira su daga Yamai.