Masu zanen komik da masu fim ɗin dokumantari: kowa da abin da ya ɗaure shi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hanya ɗaya masu littattafan zane na komik da masu fim ɗin dokumantari (fim kan abin da ya faru da gaske, ba wasan kwaikwayo ba) suka bi har suka fara cin gashin kansu, ba babban kamfani a kansu. A ganina ba ɗaya ba ce. Mai zane dillali ne ya hana shi sakat, mai fim kuwa nauyin kaya da kuɗi.

Bari mu fara da komik a Amurka. Zanen kansa ba ya cin kuɗi, takarda ce da tawada. Wa zai sayar maka, nan gizo ke saƙar. A 1954, bayan wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zama kan zargin cewa littattafan na lalata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. Littafin da ba hatiminta a bango, yawancin dillalai ba sa ɗauka. Sai masu son zana abin da ransu ke so suka kauce wa dillalan. A 1968 Robert Crumb ya fito da Zap Comix a San Faransisko, ana tallarsa a bakin titi, kafin ƙananan shagunan matasa su karɓa.

Amma wanda ya buɗe ƙofar da gaske ɗan kasuwa ne, Phil Seuling. A farkon shekarun 1970 ya kawo tsarin da shagon komik zai sayi kaya kai tsaye da rangwame, abin da ya yi kwantai kuma ba a mayarwa. Kenan ƙaramin mai ɗab'i ya huta da fargabar a dawo masa da kaya bayan wata uku. Shi ya sa a 1984 Kevin Eastman da Peter Laird suka iya buga kwafi kusan 3,000 na labarin kunkurun nan 'yan ninja, baƙi da fari, da rarar harajin da aka mayar wa Eastman da rancen baffansa. A 1992 kuma manyan masu zane bakwai suka bar babban kamfanin komik na Marvel suka kafa nasu kamfanin, Image, bisa sharaɗin wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da abinsa.

Dokumantari fa? Tun farko da aljihun wani ya tashi. Fim ɗin da Robert Flaherty ya fitar a 1922 kan mutanen Inuit na arewacin Kanada, kamfanin fatu na Faransa, Revillon Frères, ne ya biya. A Ingila John Grierson gwamnati ya yi wa aiki, har hukumar gidan waya ta samu sashen fim a 1933. Kyamara ga nauyi, na'urar sauti ga girma, sai da tawaga.

Sauyin ya zo da kyamarar milimita 16 da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa, da ƙaramar rikoda. Nan ma Nijar na da hannu: Jean Rouch, Bafaranshen da ya je can aikin injiniya a 1941, da kyamara a hannu ya riƙa ɗaukar rayuwar mutanen bakin kogin Kwara tare da abokinsa Damouré Zika. Oumarou Ganda, ɗan Nijar, ma a fim ɗin Rouch ya fara fitowa kafin ya zama darakta. A 1960 Robert Drew da abokansa suka bi John Kennedy, mai neman takarar shugabancin Amurka, yaƙin neman zaɓe a jihar Wisconsin, kyamara na kutsawa cikin taro. Sai dai ka lura, kamfanin mujallar Time ne ya ɗauki nauyinsu. Kafaɗa ta samu sauƙi, aljihu bai samu ba.

Har gobe haka abin yake. Mai zane zai iya gama littafi shi kaɗai a ɗakinsa. Mai dokumantari ko da wayar hannu yake ɗauka, ga kuɗin mota, ga watannin bin mutane, ga tacewa, don haka yawanci sai ya nemi gidan talabijin ko wata gidauniya ta tallafa masa.