DaVinci Resolve Studio a ɗakin tace fim: abin da na gani

Tun da situdiyonmu ya fara karɓar aikin fina-finai masu dogon zango, 'yan uwa editoci ke tambayata dalilin da ya sa na bar manhajar tace fim ta Premiere Pro na koma DaVinci Resolve. Dalili na farko kuɗi ne. Premiere na kamfanin Adobe haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowa ya san yadda naira ta zube a gaban dala tun tsakiyar 2023. Shi kuwa Resolve, na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostareliya, akwai na kyauta, akwai kuma Studio wanda ake biyan dala 295 sau ɗaya, lambar lasisi guda tana aiki a kwamfuta biyu. Masu saukar da na sata ban ce musu komai ba, amma wanda ke riƙe da aikin furodusa na miliyoyi ya san da abin da yake wasa.

Na kyautar ma ba na koyo ba ne kawai, yana fitar da aiki har 4K. Abu biyu suka sa muka biya. Kamarorinmu na ɗaukar hoto mai 10-bit, wato mai zurfin kala, wanda na kyautar ba ya buɗe shi yadda ya kamata a Windows. Na biyu shi ne goge tsakin nan da ke cika hoton dare, wannan sai a Studio.

Inda manhajar ta saye ni shi ne gyaran kala. Ɗauki fitowar dare a tsakar gida, fitila ɗaya, jarumi baƙi sanye da farar shadda. In ka ɗaga haske don fuska ta fito, shaddar ta ƙone fari fat. In ka rage, mutumin ya ɓace. A Resolve sai in zagaye fuskar ita kaɗai, manhajar ta bi ta duk inda ya juya, in gyara ta daban, rigar daban, bango daban. Premiere ma yana yin irin wannan, sai dai a nan hannu ya fi sakewa. Ga Fairlight a ciki don gyaran sauti, ba sai ka fita wata manhaja ba.

To amma fa yana cin katin hoto. Wani mai shago ya dage sai ya sayar mana da kwamfuta mai furosesa babba da ƙaramin kati, muka ƙi. Muka sa katin hoto RTX 3060 mai 12GB, da RAM 32GB, da SSD irin NVMe da ake aiki a kansa, sai hadis (hard disk) na biyu da muke kwafe duk abin da aka ɗauko daga lokeshan tun kafin a taɓa shi. Da wannan 4K ke tafiya lafiya, in aiki ya yi nauyi mu yi masa ƙananan kwafi mu tace da su. Allon ma kada a yi masa rowa. Talabijin ɗin falo yana ƙara wa kala gishiri, ka gama gyara ka buɗe a waya ka ga wani abu daban.

Sai wuta. Babbar kwamfutar na shan lantarki sosai, ba a kunna ta sai da UPS. Don haka teburi na biyu muka sa Mac mini mai M4, wanda inbata da sola ke riƙewa tsawon yini ba tare da an tada janareta ba. Manhajar tace fim ta Final Cut Pro ma na nan ga mai Mac, amma a na'urorin Apple kaɗai take aiki, mu kuwa muna son abin da zai buɗe a teburan biyu.

Inda za ka ɗan sha wuya: yawancin editocin Zoo Road na Kano da Premiere suka tashi, in za ku yi musayar aiki sai ta fayil irin XML, kuma ba duk kwalliya ce ke biyowa ba. Fusion ɗin da ke ciki ma, wato sashen haɗa siddabarun hoto, sai an zauna an koya, wanda ya saba da After Effects na Adobe zai yi ta laluben hanya da farko. Mai aikin biki da ƙananan tallace-tallace ya tsaya a na kyauta, ya zuba kuɗin a kati da hadis. Mai fim mai dogon zango da ke yawan ɗaukar dare, ya sayi Studio.