Waya mai taswira a ciki ko na'urar GPS ta gaban mota?

Malam, waya za ka riƙe. Kuɗin na'urar nan ta gaban mota da kake tambaya ko ta fi waya a hanyoyin daji, ka sha mai da su, canjin ka sayi shebur da igiyar ja. Wayar da na'urar, na mallaki dukkansu biyun. Wayar tana cikin motata yanzu haka, na'urar kuwa tana can ƙasan durowa tare da matattun cajoji.

Sayen riɗi da zoɓo ne yake kai ni ƙauyukan Jigawa, daga gefen Maigatari zuwa Malam Madori, Birniwa, wani lokaci har fadamun Kirikasamma da Guri. Wanda ya san yankin ya san da zarar ka sauka daga kwalta, hanya ta zama ta amalanke da 'yan babur. A cikin rairayi kowa sabon sawu yake buɗewa don gudun kafewa, sai ka ga hanya ɗaya ta rabu gida huɗu, biyu su sake haɗuwa a gaba, ɗaya ta shige gonar wani, ɗaya kuma ta miƙe sai ruga.

Wayar da nake magana tsohuwar Android ce, fuskarta a tsage, ko layi babu a cikinta. Na sa mata manhajar taswira mai suna OsmAnd, na sauke taswirar yankin tun ina gida, shi ke nan. Abin da ya sa nake ƙaunarta wani yammaci ne cikin hunturu. Mun shiga wani ƙauye da rana, wani yaro a kan babur yana gaba muna bin sa. Awo ya ja mu, ciniki ya ja mu, kafin a ɗinke buhu na ƙarshe an yi magariba, yaron kuma tuni ya tafi sabgarsa. Ga hazo ya sauko, fitilar mota ba ta nuna komai sai farin ƙura. Muka zo mararraba ta farko, direbana ya ce dama, ni na rantse hagu ce. Allah ya taimake mu, tun da muka bar kwalta na danna wa wayar ta riƙa zana sawunmu. Na ɗauko ta, ga layin da muka shigo da shi kwance a kan allo, ga ɗigon da ke nuna motarmu. Ba dama ba ce, ba kuma hagun da nake rantsuwa a kai ba, wata ƴar siririyar hanya ce ta tsakiya da ko lura da ita ba mu yi ba. Haka muka bi layin nan kamar makaho da ɗan jagora, duk inda ɗigon ya kauce mu ja da baya, har tayarmu ta taka kwalta. Tun daga ranar direban, wanda da yake yi mini dariya, shi ne mai tuna mini in kunna ta.

Na'urar gaban mota kuwa, gaskiya tana da allo mai haske kuma zafin rana bai cika damunta ba. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ta hannu na saya, ashe taswirar Turai ce a cikinta, ta nan kuwa manyan tituna kawai ta sani. Ina sauka daga kwalta sai ta nuna ni ina yawo a cikin farin fili, tana ta roƙona in juya.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne, kunnen da ke jiyo taurarin ɗan adam a cikin na'urarsa akwai irinsa a wayarka. Taurarin GPS na Amurka ne, kimanin 30, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200. Aikinsu kawai su riƙa shelar lokaci da inda suke. Duk na'urar da ta jiyo huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take tsaye, kuma a fili irin namu da babu dogayen gine-gine kuskuren bai wuce ƴan mitoci ba. Wannan sauraro ba ya buƙatar layi, ba ya cin data, ba a biyan ko sisi. Galibin wayoyin yanzu ma har na Rasha da na Turai da na Sin suke jiyowa, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, abin da tsofaffin na'urorin mota da yawa ba sa yi. Taswirar ce take buƙatar intanet, shi ya sa idan sabis ya ɗauke mutane suke cewa GPS ya mutu. Bai mutu ba, takardar da zai ɗora ɗigon a kanta ce babu. Gwada da kanka: sa wayarka a yanayin jirgin sama, bar alamar wuri a kunne, fita tsakar gida ka ɗan jira, za ka ga ɗigon ya bayyana.

To a nan ne maganar take. Tauraro ya san inda kake, amma bai san hanya ba. Hanyar da kake gani a allo mutum ne ya zana ta, sau da yawa yana kallon hoton sama, bai taɓa taka wurin ba. OsmAnd da wata manhajar irinta, Organic Maps, duk daga OpenStreetMap suke ɗibar taswira, wadda aka fara a Ingila a 2004, ƴan sa-kai ne kuma suke cika ta. Wani yankin za ka tarar an zana har burtali, wani yankin kuma gari guda babu shi. Fifikon waya shi ne inda taswira ta gaza kai za ka zana taka. Duk ƙauyen da na shiga sau ɗaya da ɗan gari, na adana layinsa, na sa masa suna, na sa alama a wurin rijiya, wurin mai faci, da inda yashi yake cin mota. Yau ina da hanyoyin da babu kamfanin da yake da su.

Kada ka ce na ce waya ba ta kuskure. Ko in ce ni ne nake kuskuren. Akwai layin da na ɗauka da rani a cikin fadama, hanya busasshiya, ka bi ta da gudu. Na koma cikin watan Satumba na bi layin nan da gadara, ko tambaya ban yi ba. Sai ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, kacalla ta rufe gefe da gefe, masu fito suna zaune a kwale-kwalensu suna kallon ikon Allah. Layin yana nan daram a allo, ya ratsa tsakiyar ruwan. Kogin Haɗeja idan ya cika, ga ruwan sama ga wanda ake saki daga Tiga da Challawa, hanyoyin fadama sun tashi daga aiki sai ya janye. Juyawar ma sai da samari shida suka tura mu daga taɓo. Wani dattijo a wurin ya tambaye ni, cikin ladabi, ko wayar ba ta gaya mini damina ake yi ba. Yanzu kowane layi ina rubuta masa watan da na ɗauke shi.

Google Maps ma ka bar shi a wayar, yana da ranarsa. Ana iya sauke yanki a ajiye, kuma a cikin gari da manyan tituna shi nake bi. Hoton samansa kuma yana da amfani ka duba tun a gida, ka ga inda garin yake da inda kwari ya ratsa, domin hoton ba ya cikin abin da ake saukewa. Sai dai ka tuna ba hoton jiya ba ne.

Kada kuma ka nemi ƙauye da suna kawai. Sabon Gari nawa ne a Arewa? Tudun Wada nawa? Garin Malam fa? Ka sa wanda za ka je wurinsa ya turo maka wurin ta WhatsApp lokacin da ya sami sabis, ko ya karanto maka lambobin nan biyu da GPS ke nuna wuri da su, wato latitude da longitude. Su ma lambobin a yi hattara, don iri biyu ake rubuta su. 12.30 daban, digiri 12 da minti 30 daban. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka wannan ɗan ruɗanin kaɗai zai ajiye ka fiye da kilomita 20 daga inda ake jiranka. Idan kuma gefen Maigatari za ka yi, sauke har da taswirar Damagaram, domin a cikin daji babu allon da zai ce maka ka shiga Nijar.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja maka kunne a kan masu sayarwa. Wani zai ce maka na'urarsa kai tsaye take magana da tauraro, waya kuma sai da data. Ƙarya ce, ka ga bayanin a sama. Wani zai nuna maka kwali an rubuta sabunta taswira har abada, bai gaya maka na ƙasar da aka fara sayar da ita ba ne. Wani ma na'urar bibiyar mota zai miƙo maka, irin wadda ake ɓoyewa saboda ɓarayi, ita kuwa layin waya take amfani da shi ta aika wa mai mota inda take, ba ta nuna wa direba hanya, kuma inda babu sabis shiru za ka ji. Sannan akwai masu karɓar kuɗi wai za su sa maka GPS a waya, alhali manhajar kyauta ce. Organic Maps kyauta ce gaba ɗaya, OsmAnd kuma tana barin ka sauke taswira bakwai kafin ta nemi kuɗi, wanda ya ishe ka. Idan duk da haka ranka ya biya sai ka sayi na'ura, to kada ka yarda a gwada ta da titin Zariya. Fita da ita waje, rubuta sunan ƙauyen kakanka, ka ga abin da za ta ce.

Abu ɗaya da waya take da rauni a kai shi ne zafi. Idan ka manna ta a gilashin gaba cikin watan Afrilu, ba za ta daɗe ba za ta rage haske, ta daina caji, ko ta kashe kanta. Sa ta a inuwa, ƙasa-ƙasa, inda iska take bugawa. Sayi caja mai kyau ta mota da igiya biyu, don girgizar hanya tana kashe igiya. Kuma ka ware wa taswirar waya daban, ba wadda kake amsa kira da ita ba, domin kira yakan shigo ne daidai kan mararraba.

Duk wannan bai ɗauke maka tsayawa a tasha ba. Kafin ka sauka daga kwalta ka yi sallama da ƴan babur da direbobin da suke jigilar kasuwa, ka tambayi wace hanya ake bi a satin nan, ina ne gada ta karye, ina ne ba a bi bayan la'asar. Maganar tsaro babu tauraron da zai gaya maka ita. Shiga ta farko ka ɗauki ɗan gari ka sallame shi da kyau, wayar tana gefe tana zana sawunku, shiga ta biyu sai ka tafi da kanka.

Don haka nemi tsohuwar Android mai lafiyayyen batir, sa mata manhajar, ka fara gwaji da hanyar gonarku. Idan ɓangaren Birniwa za ka yi, yi mini magana in turo maka layukan da na tara. Na fadama dai ka bar su sai ruwa ya janye.