Daga Amurka: Yadda Masu Zanen Gini Ke Sabunta Iliminsu a Kan Suturar Gini

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasu daga cikinku sun nemi in yi bayani a kan kwasa-kwasan da ake wajabta wa mai zanen gini a nan Amurka bayan ya karɓi lasisi, musamman waɗanda suka shafi kayan aiki da suturar gini, wato bangon waje da rufi da tagogi da duk abin da ya shiga tsakanin cikin gini da rana da ruwa da iska. Zan faɗi yadda tsarin yake, da irin masu ba da karatun, da wanda nake ganin ya cancanci lokacin mutum a cikinsu.

A nan jiha ce ke ba da lasisi, ba gwamnatin tarayya ba, saboda haka sharuɗɗan sabuntawa sun bambanta. Jihohi da yawa suna neman awa 12 a shekara a kan darussan da suka shafi lafiya da tsaro da jin daɗin jama'a. Jihar New York tana neman awa 36 a cikin shekara uku, 24 daga ciki a wannan fanni. Kalifoniya ta ɗauki nata salon, domin a kowace shekara biyu tana neman awa 5 a kan yadda gini zai dace da masu buƙata ta musamman, da wasu awa 5 a kan zanen da ke rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ban da dokar jiha, ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasar, AIA, wadda aka kafa a 1857, tana neman mambobinta su cika awa 18 a shekara, 12 daga ciki a kan lafiya da tsaro. Kusan duk darasin da ya shafi bango da rufi yana shiga wannan rukuni, shi ya sa kasuwarsa ke cika.

Mafi yawan waɗannan awoyi kyauta ake samunsu, kuma kamfanonin da ke ƙera kayan gini ne ke ɗaukar nauyinsu. Wakilin kamfani yana zuwa ofis da tsakar rana, ya kawo wa ma'aikata abincin rana, ya buɗe akwatinsa ya jera samfura a kan tebur: yankin gilashi mai ruɓi biyu, guntun allon alminiyom, ƙyallen da ake manna wa bango don tare iska. Ya yi bayani na awa ɗaya, a zagaya da takarda kowa ya rubuta lambarsa ta ƙungiya, bayan 'yan kwanaki awar ta bayyana a rajistar mutum ta intanet. Ƙa'idar AIA ta hana a tallata sunan kaya a cikin darasin kansa, kuma galibi ana kiyaye ta. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Mai sayar da allunan ƙarfe zai zaɓi ya yi magana a kan nauyin bulo da jinkirin aikinsa, mai sayar da bulo kuma ya yi magana a kan tsatsa da lotsewar ƙarfe, kowannensu gaskiya yake faɗa, amma rabinta. Ba na raina waɗannan zama, domin babu wanda ya san yawan motsin da allo yake yi tsakanin sanyi da zafi kamar wanda ya ƙera shi, kuma taɓa abu da hannu ya fi ganinsa a hoto.

Akwai kuma na intanet, irin waɗanda mujallar Architectural Record da shafin AEC Daily ke bayarwa, inda mutum zai karanta maƙala ko ya kalli bidiyo, ya amsa tambayoyi kamar goma, ya sami awarsa. Su ma yawanci kamfani ne ke biya. Amfaninsu shi ne ana yinsu a kowane lokaci, illarsu kuma ana ganinta a watan Disamba, lokacin da mutane ke tara awoyin shekara guda a cikin dare biyu.

Na uku su ne waɗanda ake biya, ko waɗanda injiniyoyi masu zaman kansu ke koyarwa a tarukan masana suturar gini da ake yi a manyan birane, kuma a nan ne na ga bambanci na sosai. Malamin da ba shi da hajar sayarwa ba ya farawa da kaya, yana farawa da aikin da bango ke yi. Injiniya Joseph Lstiburek ya shahara da tsara wannan aiki gida huɗu bisa muhimmanci: tare ruwan sama, tare iska, sarrafa tururin danshi, sannan tare zafi. Darasin da ake maimaitawa shi ne kowane ɗaya daga cikin huɗun nan dole ya zagaye ginin ba tare da yankewa ba. Akan ba ɗalibi zanen yankakken gini da jan biro, a ce ya bi layin da ke tare ruwa tun daga tsakiyar rufi, ya gangaro ta bango, ya ratsa taga, har ya kai harsashi, ba tare da ya ɗaga biron ba. Duk inda ya tsaya yana lalube, to nan ne ginin zai yi yoyo. Kusan kullum wurin yakan kasance kusurwar taga, ko inda rufi ya haɗu da bango, ko inda baranda ta fito, wato inda aikin wani ɗan kwangila ya ƙare na wani ya fara, kuma ba kasafai darasin kamfani ke taɓa wannan wuri ba tun da ba kayan kamfani ɗaya ba ne.

A irin wannan aji ne ake jin lissafin da takardar talla ba ta ɗauke da shi. Misali, audugar gilashin da ake cusawa a bango don tare zafi, wadda aka rubuta wa ƙarfin R-13 a jikin ledarta (R shi ne ma'aunin ƙarfin tare zafi), idan aka saka ta tsakanin tsayayyun ƙarafa masu tazarar inci 16, ƙarfinta na zahiri yana saukowa zuwa wajen R-6 bisa teburin ASHRAE 90.1, ma'aunin makamashin gine-gine na Amurka, saboda ƙarfen yana ɗaukar zafin ya tsallake da shi. Fiye da rabin abin da aka biya ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa dokokin makamashi suka koma neman a shimfiɗa abin tare zafi a bayan ƙarafan, daga waje, ba tare da tsinkewa ba.

Malaman nan suna son koyarwa da gine-ginen da suka ba da kunya, kuma a ganina shi ne mafi amfanin abin da suke yi. Dogon benen John Hancock na birnin Boston ya riƙa zubar da gilasansa a farkon shekarun 1970, har aka sauya dukkan gilasai 10,344, aka kuma gano cewa haɗin dalmar da ke tsakanin ruɓin gilashin biyu ya yi tauri da yawa, bai bar su sun motsa da sauyin zafi ba. A Chicago, benen da a lokacin ake kira Amoco an lulluɓe shi da siraran allunan marmara na Carrara kimanin 43,000, suka riƙa lanƙwashewa, sai da aka cire su duka aka maye gurbinsu da dutse mai kauri a farkon shekarun 1990. A garin Wilmington na jihar North Carolina kuma, a tsakiyar shekarun 1990, an tarar da katakon gidaje masu yawa ya ruɓe a bayan wani yaɓe na zamani da ake yi a kan soson roba mai tare zafi, domin an gina shi a kan zaton ruwa ba zai taɓa shiga ba, da ya shiga ta gefen taga sai ya rasa mafita. Tun daga nan aka koma barin rata a bayan suturar waje don ruwan da ya kutsa ya gangara ya fita, bangon kuma ya sha iska ya bushe.

Wani aiki mai tsada da ake yi a nan shi ne gwajin bango kafin a fara gini. Ana gina yankin bangon da girmansa na gaskiya, da tagarsa da kusurwarsa, da hannun ma'aikatan da za su yi ainihin aikin, sannan a girke bututu masu feshi a gabansa, suna zuba ruwa kimanin lita 3.4 a kowace murabba'in mita a minti ɗaya, har tsawon minti 15, ana kuma zuƙe iska daga ciki don a kwaikwayi guguwa. Wasu ɗakunan gwajin suna kunna farfelar jirgin sama a gaban bangon. Masu zane da 'yan kwangila suna tsaye a ciki da tocila suna duba kowane haɗi, kuma ɗigo ɗaya da ya fito a gindin taga yakan kashe gardamar da aka yi wata guda ana yi a kan takarda.

Ingila ta bi wata hanya dabam, kuma dalilinta mai ɗaci ne. Ƙungiyarsu ta RIBA tana neman awa 35 a shekara, kusan ninkin na AIA, amma yawan awoyi bai hana abin da ya faru ranar 14 ga Yuni 2017 ba, lokacin da gobara ta cinye benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasu. An yi wa benen sabuwar sutura da allunan alminiyom masu roba a tsakiya, da soson tare zafi mai kamawa da wuta a bayansu, da rata a tsakani wadda ta ja wutar sama. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick, wanda ya fito a Satumba 2024, ya sami wasu masu ƙera kayan da rashin gaskiya a gwaje-gwaje da tallarsu, ya kuma ɗora wa masu zanen nasu kason laifin saboda ba su san ƙa'idojin wuta da suka shafi bangon waje yadda ya kamata ba. Tun a Disamba 2018 aka hana kayan da ke cin wuta a bangon wajen gidajen kwana da suka kai tsayin mita 18, kuma bayan dokar tsaron gine-gine ta 2022, hukumar rajistar masu zanen gini, ARB, ta fara sa ido a kan karatun da kanta, tana ƙayyade batutuwan da ba a tsallakewa, ciki har da kariya daga gobara. A wannan fuska na fi gamsuwa da tsarin Ingila, domin a mafi yawan jihohin Amurka mutum zai iya cika awoyinsa shekara da shekaru bai taɓa zama a darasin wuta ba. Inda Amurka ta yi kyau shi ne gwajinta na NFPA 285, wanda ke ƙona bango mai hawa biyu da dukkan kayansa a haɗe, kuma sakamakon na wannan haɗin ne kaɗai. Wanda ya sauya soso ko ƙyalle ɗaya da wani mai araha ba zai iya dogara da takardar ba sai an sake tantancewa.

Tun da yawancin kwasa-kwasan intanet a buɗe suke ga kowa, na san wasunku za su shiga, kuma ina ƙarfafa ku a kan haka, amma da sharaɗi guda. Dokar makamashi ta nan ta raba ƙasar zuwa yankunan yanayi 8, kuma darussa da yawa an rubuta su ne da yankunan sanyi a zuciya, inda danshi ke fitowa daga cikin ɗaki mai ɗumi zuwa waje, shi ya sa ake sa ledar tare tururi ta ciki. A ƙasa mai zafi da laima, inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, tafiyar danshin juyawa take yi daga waje zuwa ciki, kuma wannan leda za ta tara raɓa a cikin bango. Otal-otal a jihar Florida sun sha fama da fumfuna a bayan takardar ado ta roba da aka manna a bangon ɗakuna saboda wannan dalili. Haka batun gilashi: darasin yankin sanyi zai nace a kan hana ɗumin ɗaki fita, alhali mai gini a ƙasar rana abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne adadin zafin rana da gilashin ke bari ya shiga, wanda a kudancin Amurka doka ke riƙe shi a wajen 0.25, wato kashi ɗaya bisa huɗu. Saboda haka kafin ku ɗauki wani zane daga kowane kwas, ku duba yankin da aka yi shi dominsa, ku nemi darussan da aka rubuta don yanki na 1 da na 2, wato irin na Miami da Houston ga masu laima, da na Phoenix ga masu zafi da bushewa.