Kur ɗin yamma na SVT a Tawa: abin da jika biyar ɗina suka saya

Ni mai fanke ce a nan Tawa. Shekara da shekaru ina kwaɓa fulawa da yis da sukari, in rufe roba da zane, in dawo in tarar ƙullu ya kumbura har yana neman zubowa. Ban taɓa tambayar dalili ba, tunda ciniki na tafiya.

Ɗiyata ta fari tana lise, sashen kimiyya, kuma SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ya hana ta sakat. Ta haddace yau, gobe ya gudu. Wata maƙwabciya ce ta nuna mana wani mushe, wato malamin makaranta, da ke ba da kur (ƙarin darasi) a zauren gidansa, sau uku a sati bayan la'asar, jika biyar a wata. Ga mai fanke ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa na sa ido sosai.

A sati na uku ta shigo ta ce, "Inna, ki ɗan sam mini yis da sukari, Mushe ya ba mu aiki." Ta zuba su cikin kwalba da ruwan ɗumi, ta ɗaure balan-balan a bakin. Kafin mu idar da sallar isha'i balan-balan ya miƙe tsaye. Ta ce yis abu ne mai rai, sukarin yake ci, yana fitar da iskar kabon, kuma ita ce ke huda ƙulluna ta kumbura shi. Na ce to, ashe ma'aikata gare ni ban sani ba, ga su ba sa neman albashi.

Daga nan mushen ya kai su ga jikin mutum, kuma nan ne ya burge ni. Yadda ta mayar mini: tuwon da muka ci yana narkewa ya zama wani irin sukari da ake kira gulukos, jini ya kai shi ga kowace ƙwayar halitta. A can ake fara tsaga shi gida biyu, a samu ATP 2 kacal. ATP ɗin nan, in ji shi, shi ke ɗauke da ƙarfin da jiki ke aiki da shi, kamar canji ne. Mai jika goma a dunƙule ba ya sayen fanken dala biyar sai ya yi canji, haka tsoka ba ta iya kashe gulukos sai an mayar mata da shi ATP. Sauran aikin cikin mitokondiriya ake yin shi, wasu ƴan ɗakuna da ke cikin ƙwayar halitta, inda ake ƙarasa wargaza gutsattsarin a wani zagaye da masanin kimiyya Hans Krebs ya bayyana a 1937, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Iskar oksijin da muke shaƙa sai can ƙarshe take shiga, ta karɓi haidurojin ta zama ruwa. Iskar kabon da muke fitarwa kuwa daga abincin ta fito. Wannan ya tsaya mini a rai: ashe wani sashe na furar da na sha da rana ta hanci yake fita.

Yis ɗin cikin kwalba, da yake babu isasshen oksijin, a kan ATP 2 ɗin nan yake tsayawa. Da oksijin kuwa gulukos guda yana ba da wajen 30 ko fiye. Littafinsu ya rubuta 36, mushen ya gaya musu lissafin baya-bayan nan ya fi karkata ga 30 zuwa 32, amma a jarrabawa su bi littafi. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa.

Ya kuma sa su jiƙa gero har ya fara tsiro, suka zuba a tarmus na shayi da ma'aunin zafi. Washegari zafin ya hau, domin ƙarfin da bai zama ATP ba zafi yake zama. Tarmus ɗina ne aka yi da shi, kwana uku yana warin tsiro.

Inda nake da ƙorafi shi ne cunkoso. Zauren bai fi na mutum goma sha biyar ba, ya tara sun kusa talatin, na baya ba sa ganin allo. Kuɗin fotokofi daban ne, kuma ba a faɗa mana tun farko ba. Sau biyu aka ɗauke wuta magariba na yi, aka sallame su, ba a rama musu ba. Ƴan mata kuma da duhu suke komawa gida, dole ƙanenta ya je rakiya.

Duk da haka na biya na wata mai zuwa. Jiya ina kwaɓi ta leƙo ta ce, "Inna, kada ruwan ya yi zafi da yawa, zai kashe yis ɗin." Na ce mata wannan kam hannuna ya san shi tun ba a haife ta ba, ta miƙo mini zanen rufi.