Gargaɗi kan mai sayar da tsofaffin batura da sunan sababbi

Naira 380,000 na tura wa mutumin nan, kuma har yanzu ina jin nauyin faɗar adadin a gaban mutane. Batura biyu ne masu ruwa, irin waɗanda ake haɗawa da sola, kowanne an rubuta masa amfiya 200, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa, a kan Naira 190,000 duk ɗaya. Na saye su ne saboda motar da nake yawon kasuwanni da ita, wata tsohuwar Hiace da na cire kujerun bayanta na sa firji da fanka da katifa, na ɗora faifan sola biyu a samanta, domin a cikinta nake kwana idan na fita sayar da lemo da ruwan sanyi a Wudil ranar Juma'a da sauran kasuwannin ƙauye. Irin wannan aiki ba na batirin tayar da inji ba ne, wanda ƙarfinsa na ɗan lokaci ne kawai. Sai batir mai kaurin farantan dalma, wanda zai jure a zuƙe shi a hankali duk dare, rana ta sake cika shi.

Na san wannan bambanci, shi ya sa raina yake ɓaci idan aka ce ganganci na yi. Ban yi ganganci ba. A Facebook na ga tallarsa, muka koma WhatsApp, amma na ƙi tura ko sisi sai da na taka har shagon, ɗauke da mitata ta gwada wuta. Ya fito da su cikin kwali, da leda, da sitika mai sheƙi, na ɗora mitar a kan na farko ta nuna bolt 13.1, na biyu kuma 13.0. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ka gani da idonka, ni ba na sayar da gwanjo." Wannan murmushi shi ne yake hana ni barci. Na tuna sarai cewa da na dafa gefen batirin na ji ɗumi, na kuma ga wayar caja a naɗe a bayan kanta, amma na ɗauka zafin shago ne kawai, na ciro waya na yi masa tiransifa ta Naira 380,000 a tsaye a wurin.

Sai daga baya wani dattijon rewaya da na daɗe ina hulɗa da shi ya fahimtar da ni cewa lambar da ta kwantar mini da hankali ita ce shaidar yaudarar. Lafiyayyen batir mai bolt 12 da ya cika ya kuma huta, tsakanin 12.6 da 12.8 yake nunawa. Idan ka ga 13 ko sama da haka, yanzu aka cire shi daga caji, kuma wutar da ta taru a fuskar farantan ce mita take karantawa, wadda ko mushen batir ma yana iya nuna ta na ɗan lokaci. Wato dab da isowata ya cire su daga caja ya mayar cikin kwali.

Kafin nan dai, abin da ya fara faruwa a daren farko ne a Wudil, inda inbata ta soma kuka tun ƙarfe goma sha ɗaya ba ta yi ba, firji ya mutu, na wayi gari da lemo mai ɗumi wanda ba wanda zai saya a ranar kasuwa. Ko da yake in za a bi gaskiya, alamar farko tun a ƙofar shagon ce, lokacin da wani yaro shi kaɗai ya sunkuci batir guda ya sa mini a mota. Batir mai amfiya 200 na gaske nauyinsa ya kai kusan kilo 60, mutum biyu suke kama shi. Nawa, da muka ɗora su a sikelin wani mai hatsi, ɗaya kilo 44, ɗaya 43.

Rewayan ya caja su yini guda, ya bar su suka kwana ba a haɗe da komai ba, da safe ɗaya ya nuna 12.4, ɗayan 12.1. Ya buɗe murafen gidajen ruwan guda shida, ya zuƙo ruwan da abin gwada kaurinsa. Maimakon ya kai wajen 1.265 kamar na cikakken batir, yawancin gidajen da ƙyar suka kai 1.200, gida ɗaya kuwa 1.120 ya tsaya, kuma ruwansa ya yi gurɓin ƙasa-ƙasa, alamar farantan sun fara zagwanyewa. Sannan ya ɗora musu lodin amfiya 10, wanda ya kamata batir mai amfiya 200 ya riƙe na tsawon awoyi masu yawa kafin ya sauko bolt 10.5. Na farko awa uku ya yi, na biyu ko awa ɗaya bai cika ba. Da dattijon ya sa farce ya ɓare gefen sitikar, sai ga tsohon rubutu a ƙasa, amfiya 150, an kuma goge tambarin kwanan wata da wani abu mai kaushi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, waɗannan sun ci zamaninsu a gidan wani, wanka kawai aka yi musu."

Da na kira mai kayan, sai ya ce inbatata ce ba ta da kyau, gobe ya ce faifan solana ne suka yi kaɗan, jibi ya ce na bari sabon kaya ya sauka zai canja mini. Garantin shekara guda da ya rubuta da biro a kan rasit ne na riƙe a matsayin hujja, sai a lokacin na lura rasit ɗin ba sunan shago, ba adireshi. A mako na uku ya toshe lambata. Na koma shagon na tarar da kwado, maƙwabta suka ce aron wurin ya yi na ɗan lokaci, kuma ba ni ne na farko da ya zo nemansa ba. Naira 380,000, kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa daga ribar ruwan sanyi.

Ina da hotunan hirarmu duka, da shaidar tiransifa, da hoton sitikar da aka ɓare, da na sikeli, kuma zan saka su a nan da zarar na gama kai ƙorafi wurin hukuma.

Wanda zai sayi irin wannan batir, kada ya yarda da mita kaɗai. Ya sa a ajiye shi awoyi ba caji, ya auna nauyinsa, ya ɗora masa lodi kafin ya biya.

Baturan suna nan jingine a zaure. Jiya wani mai sayen tsofaffin batura ya leƙo ya taya su a kan kilo, na ce ya dakata tukuna, domin su ne shaidata.