Hattara da masu tallar "rauta 5G mai ɗaukar kowane layi, data ba iyaka"

Jama'a, tallar nan ta yi yawa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Hoton rauta, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet ta waifai, fara sol mai eriya huɗu, an rubuta 5G da manyan baƙaƙe, wai tana ɗaukar MTN da Airtel da Glo, kuma an haɗa da layi mai data ba iyaka na shekara guda. Farashin bai kai rabin na kanti ba. Sharaɗin dai ka tura kafin alƙalami, a sa maka ita a mota. Wasunsu da kuɗi sun shiga sai su toshe lambarka. Masu aiko da kayan sun fi wuyar kamawa, don sai an yi makonni kafin mutum ya gane an cuce shi.

Ƙaryar farko tana cikin kalmar 5G ɗin kanta, domin abu biyu ne ake cakuɗawa da gangan. Akwai 5G na kamfanin waya, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma yana tafiya ne kan zangon 3.5GHz da ake kira n78. Akwai kuma 5GHz, wanda zangon waifai ne tsakanin rauta da wayarka a cikin ɗaki, ba ruwansa da turken sabis. Rauta mai waifai biyu takan nuna suna biyu, ɗaya da "5G" a ƙarshensa. Shi mai tallar zai ɗauko ya ce ga shaida. A ciki kuwa 4G ce zalla, galibi ajin Cat4, wanda iyakar gudunsa a takarda 150Mbps ne, a aikace kuma ba ya kusantar haka. Idan ba ka ga n78 a bayanan na'urar ba, ba za ta hau wannan 5G ɗin ba. Yawan eriya ma kada ya ruɗe ka, a wasu masu arha roba ce kawai aka maƙala.

Batun layin da ke ciki ya fi muni. Data ta wata ɗaya ake zubawa, ta ƙare, shi ke nan. Kuma da NIN ɗin wani aka yi wa layin rajista, wato mai shi zai iya zuwa ofishin kamfani ya ce ya ɓata, a ba shi sabo, naka ya mutu da duk kuɗin da ka loda. Ba ka kuma san abin da aka aikata da lambar ba kafin ta zo hannunka. Ko a tsarin kamfanoni na gaskiya, wanda ake kira mara iyaka yakan zo da ma'aunin da idan ka wuce shi za a rage maka gudu, balle na wanda ba shi da ko shago.

"Kowane layi" kuma magana ce ta baki. Da yawa tsofaffin rautoci ne na hannu, a kulle kan wani kamfanin ƙasar waje, aka goge su aka sa a sabon kwali. Ko an buɗe ta, sai zangonta ya dace da na sabis ɗin unguwarku. MTN na amfani da zangunan 4G da ake kira Band 3 da 7 da 20, Glo kuma an san shi da Band 28. Rautar da ba ta da zangon da ke wurinku sai ta koma 3G, ko fitilarta ta yi ja.

Saboda haka kada a biya sai an gwada. Ka je da layinka guda biyu na kamfanoni daban, ka sa kowanne ka ga ya hau 4G. Ka haɗa wayarka da waifai ɗin, ka buɗe shafin saitunanta da adireshin da ke jikin takardar ƙasanta, na Huawei yawanci 192.168.8.1, na ZTE kuma 192.168.0.1. A nan za ka ga ainihin samfurinta da irin sabis ɗin da take kai. Lambar IMEI, wato lambar shaidar na'ura mai alƙaluma 15, dole ta zama iri ɗaya a kwali da jikin na'ura da shafin saituna. Idan ɗaya ta saɓa, ajiye musu kayansu. Idan ta nemi lambar buɗewa da ka sa layinka, a kulle take.

Duba caja ma. Abin da aka rubuta a jikin rauta, misali 12V 1A, shi ya kamata ya kasance a jikin cajar. Wadda ƙarfinta ya gaza ita ke sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi da zarar mutum biyar ko shida sun hau.

Wanda ya riga ya saya, ya cire layin da aka ba shi. Ya danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 ta koma yadda ta fito daga masana'anta, sannan ya sauya lambar sirrin waifai da ta shafin saituna, musamman idan ofis ne da ake harkar banki ko POS a kai. Ya adana hoton tallar da hirarsu da rasit ɗin tiransifa, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, ya kuma shigar da shi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.